Kalmar "Niger" a Harshen Ingilishi: Asalinta, Amfaninta da Yadda Ta Shigo Hausa

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2025 ambaliyar ruwa ta afka wa garin Mokwa, ta rushe gidaje, ta kuma hallaka mutane masu yawa. Da na ɗauko wani ɗan labari da aka rubuta da Ingilishi a kan wannan masifa na ba ɗalibai su fassara, sai da dama daga cikinsu suka rubuta cewa ambaliyar ta auku ne "a ƙasar Nijar", alhali kuwa Mokwa tana cikin Jihar Neja ta Tarayyar Najeriya. Abin da ya ruɗe su shi ne kalmar Ingilishi guda ɗaya, wato "Niger", domin ita ce sunan kogi, ita ce sunan ƙasarmu, ita ce kuma sunan wata jiha a ƙasar maƙwabtanmu. Da a gidan rediyo aka karanta irin wannan fassara, da an tayar da hankalin wasu iyalai a banza, su kuwa dangin waɗanda abin ya shafa da ba su san halin da ake ciki ba.

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun wannan kalma. Za a duba sunayen da mutanen bakin kogin suke kiran sa da su, da inda "Niger" ta samo asali, da yadda ta kori sauran sunaye a Ingilishi, da yadda ake amfani da ita a yau. Daga nan sai a nuna cewa kalmar ta shigo Hausa ta ƙofofi daban-daban, har ta haifi Neja da Nijar da Najeriya, wato Hausa ta rarrabe abin da rubutun Ingilishi ya cakuɗa. Wanda ya san wannan rarrabewa ba zai faɗa cikin kuskuren da aka ambata a sama ba. A duk cikin takardar an yi amfani da kalmar Ingilishi a maimakon Turanci, tun da yake a nan Nijar in an ce Turanci wasu kan ɗauka Faransanci ake nufi.

2.0 Kogin da Sunayensa na Gida

Kogin ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, kusa da iyakarta da Saliyo, a wani wuri mai nisan kimanin kilomita 240 kacal daga tekun Atlantika. Maimakon ya gangara zuwa tekun da ke kusa da shi, sai ya nufi arewa maso gabas, ya bi ta Bamako da Segu da Mopti har gab da Tumbutu a bakin hamada. Daga nan ya karkata kudu maso gabas ta Gawo da Yamai da Gaya, ya shiga Najeriya ta Yawuri da Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya faɗa teku ta rassa masu yawa. Tsawonsa ya kusan kilomita 4,200, shi ne kuma na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango.

Kogi mai wannan tsawo da wannan lanƙwasa ba al'umma ɗaya ce ke zaune a bakinsa ba, saboda haka kowace ta ba ɓangaren da ta sani suna. Mandinkawa da Bambara na cewa Joliba. Songai da Zabarmawa na cewa Isa, ko Isa Ber, wato babban kogi. Fulani na cewa Mayo, Abzinawa kuma Egerew. Nupawa na kiran sa Edu, Yarbawa na kiran sa Oya, Ibo kuma Orimili. Hausawa kuwa Kwara suka san shi da shi. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗannan sunaye ma'anarsu ba ta wuce "kogi" ko "babban ruwa" ba. Hakan ba abin mamaki ba ne, domin mutumin Yamai in zai tafi wanki ko kamun kifi cewa yake yi "na tafi bakin kogi", ba ya bukatar faɗin wane kogi.

Sunayen nan suna ɗauke da al'adu. A wurin Yarbawa, Oya sunan abar bauta ce ta gargajiya wadda ake danganta kogin da ita. A wurin Songai da Zabarmawa kuwa akwai Harakoy Dikko, wadda masunta na gargajiya suka ɗauka ita ce uwar ruwan. Su Hausawa, duk da cewa tsakiyar ƙasarsu tana nesa da kogin, sun daɗe da sanin sa. Gulbin Kabi a cikinsa yake zuba ruwansa, masarautar Yawuri a bakinsa take, Sarkawa a kansa suke sana'arsu ta su, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kuma sai sun haye shi.

3.0 Asalin Kalmar "Niger"

Wanda ya duba jerin sunayen da ke sama zai ga babu "Niger" a ciki. Kalmar ta littafi ce, a littafi ta girma kafin ta iso bakin kogin. A ƙarni na 2 Miladiyya, masanin labarin ƙasa na birnin Iskandariyya, Ptolemy, wanda Larabawa ke kira Baɗlimus, ya ambaci wasu koguna biyu a cikin Afirka masu suna Gir da Nigir. Marubutan Larabci na baya kuwa wata hanya suka bi: sun ɗauka kogin reshen Nilu ne. Al-Idrisi a littafinsa na 1154 ya yi maganar Nilun ƙasar Sudan, Ibn Battuta ma da ya ziyarci daular Mali a tsakanin 1352 da 1353 Nilu ya kira shi.

Wanda ya yaɗa sunan a Turai shi ne Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. An buga littafinsa na bayanin Afirka a birnin Venice a 1550, John Pory kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1600. A cikin littafin ne masu karatun Ingilishi suka ga sunan kogin tare da sunayen Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Sai dai littafin ya ce kogin yamma yake gudu, kuskuren da masu zanen taswira suka yi ta maimaitawa shekara da shekaru.

Game da tushen kalmar, manazarta da yawa suna ganin ta fito ne daga harsunan Barbar, dangin harshen Abzinawa, inda ake da furucin "egerew n-igerewen", wato kogin koguna. Idan haka ne, to ta hannun masu ratsa hamada sunan ya isa arewa. Da ya isa Turai sai ya yi karo da wata kalma ta Latin mai irin rubutunsa, "niger", wadda ke nufin baƙi. Wannan kamanni ya sa Turawa suka fahimci sunan a matsayin kogin ƙasar baƙaƙen fata, har masu taswira suka riƙa rubuta "Nigritia" a kan yankin da Larabawa ke kira Biladus Sudan. Ya kamata ɗalibi ya lura da wannan misali, domin yana nuna yadda kalmar aro kan sami sabuwar ma'ana idan ta yi kama da wata kalma da masu aron suka riga suka sani.

4.0 Yadda "Niger" Ta Rinjayi Kwara a Ingilishi

A 1788 aka kafa wata ƙungiya a London mai suna "African Association", babban burinta kuwa shi ne sanin inda wannan kogi ya fito da inda ya nufa. Ita ce ta aiko Mungo Park, wanda ya isa bakin kogin a Segu cikin watan Yuli na 1796, ya ga gabas ruwan yake gudu. A littafinsa na 1799 ya ambaci sunan Joliba da ya ji a bakin mutanen wurin. A tafiyarsa ta biyu ya rasu a Busa cikin 1806.

Daga nan sai sunan Hausa ya shiga Ingilishi. A 1824 Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka ba shi taswira da rubutun Larabci wadda ta nuna kogin da sunan Kwara. An buga taswirar a London a 1826. Ingilishi ya rubuta sunan da siffar "Quorra". A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin cikin kwalekwale daga Busa har teku, suka tabbatar da cewa rassan da ƴan kasuwar Turai suka daɗe suna sayen manja a bakinsu su ne ƙarshen kogin. Jiragen ruwa biyu masu injin tururi da Macgregor Laird ya kawo a 1832, ɗaya sunansa "Quorra", ɗayan kuma "Alburkah", wato albarka. Har a 1856, da William Baikie ya buga labarin tafiyarsa, Kwara da Binuwai ya fara sawa a kan bangon littafin, sannan ya bayyana cewa su ne aka fi sani da "Niger" da "Tsadda".

To me ya sa Kwara ba ta zauna a Ingilishi ba? Dalili na farko shi ne "Niger" ta riga ta yi shekaru fiye da 200 a littattafai da taswirorin Ingilishi. Na biyu, Joliba sunan ɓangaren sama ne, Kwara kuma na ɓangaren ƙasa, ita kuwa "Niger" tun da ba ta kowa ba ce, sai ta dace da kogin baki ɗayansa. Na uku shi ne siyasa. Yarjejeniyar taron Berlin ta 1885 ta ware babi guda a kan zirga-zirgar jirage a kogin, da sunan "Niger" kuma ta kira shi. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin George Goldie izinin mulki da sunan "Royal Niger Company". Sunan da ya shiga takardun yarjejeniya da hatimin kamfani ya fi ƙarfin wanda ke bakin masunta.

Akwai abu guda a wannan tarihi da ya shafi fanninmu kai tsaye. A cikin tawagar da Ingila ta aika kogin a 1841 akwai James Frederick Schön da Samuel Ajayi Crowther. A sanadin wannan tafiya ne Schön ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya yi nahawu a 1862 da ƙamus a 1876. Ke nan nazarin Hausa a Turai ta bakin wannan kogi ya fara kankama.

Sai kuma jimlar nan da aka daɗe ana koyarwa a makarantun ƙasashen renon Ingila, wai Mungo Park ne ya "gano" kogin. Kalmar Ingilishi ita ce "discover", mai ita kuma yana magana ne daga inda yake tsaye, wato Turai. Mai fassara zuwa Hausa zai fi dacewa da gaskiya idan ya ce Park na cikin Turawan farko da suka isa kogin suka koma gida da labarinsa, domin mutanen da suka nuna masa hanya sun san kogin tun kaka da kakanni.

5.0 Daga Sunan Kogi Zuwa Sunan Ƙasa

A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga garin Say da ke bakin kogin zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi. An sake gyara layin a 1898 da 1904 da 1906, shi ne kuma asalin iyakar da ta raba ƙasar Hausa gida biyu. Kowane ɓangare sai ya sami suna daga kogin, amma ta bakin mai mulkinsa.

A ɓangaren Ingila, yankin bakin teku da ake kira "Oil Rivers" ya koma "Niger Coast Protectorate" a 1893. Ranar 8 ga Janairu 1897 jaridar "The Times" ta London ta buga wata maƙala ta Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Lugard a 1902. A ciki ta ba da shawarar a kira yankunan da kamfanin Goldie ke riƙe da su "Nigeria", saboda sunan da ake kiran su da shi ya yi tsawo. Ta fuskar ƙirar kalma, sunan ya ƙunshi "Niger" da ɗafa-ƙeyar "-ia", wadda ake gani a sunayen ƙasashe irin su "Algeria" da "Liberia". An yi amfani da sunan a hukumance a 1900 ga yankunan Arewa da Kudu, aka haɗe su a 1914.

A ɓangaren Faransa ba a ƙara wa kalmar kome ba. Yankin soja ne da farko, ya zama cikakken yankin mulkin mallaka mai suna "Niger" a 1922, hedikwatarsa kuma ta tashi daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Kogin bai ratsa ƙasar ba sai a kusurwarta ta kudu maso yamma, tsawon kimanin kilomita 550. Saboda haka mutumin Damagaram, wanda ke da tafiyar kusan kilomita 900 kafin ya ga ruwan kogin, da sunan kogin ake kiran sa a duniya. Ƙasashen biyu sun riƙe sunayen bayan samun mulkin kai, Nijar ranar 3 ga Agusta 1960, Najeriya kuma ranar 1 ga Oktoba 1960.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 1967 Najeriya ta ƙirƙiro Jihar Kwara mai hedikwata a Ilori, a 1976 kuma Jihar Neja mai hedikwata a Minna. Kogin ne ya raba jihohin biyu a Jebba. Wanda ya hau gadar daga kudu zuwa arewa ya bar jiha mai sunan kogin na Hausa, ya shiga jiha mai sunansa na Ingilishi.

6.0 Amfani da Kalmar a Ingilishin Yau

6.1 Kogi ko Ƙasa?

A ƙa'idar Ingilishi sunan kogi yana zuwa da ƙaramar kalmar nan "the" a gabansa, sunan ƙasa kuwa galibi ba ya zuwa da ita. Dubi waɗannan misalai:

(1) They crossed the Niger.
Sun haye Kogin Neja.

(2) They crossed Niger.
Sun ratsa ƙasar Nijar.

Sai dai ƙa'idar tana da togaciya. Cikakken sunan ƙasarmu a Ingilishin hukuma shi ne "Republic of the Niger", don haka a takardun Majalisar Ɗinkin Duniya za a ga "the Niger" alhali ƙasar ake nufi. A irin wannan hali sai mai fassara ya duba sauran jimlar: kogi ba ya sa hannu a yarjejeniya, ƙasa kuma ba a shiga cikinta da kwalekwale. Har wa yau, Ingilishin Ingila ya fi cewa "River Niger", na Amurka kuma "Niger River". Najeriya da Gana salon Ingila suka gada. Faransanci bai taimaki ɗalibi a nan ba, domin "le Niger" yake cewa ga kogin da ƙasar duka, shi ya sa ake ƙara "fleuve" idan kogin ake nufi. Haka nan "l'État du Niger" na iya nufin hukumar ƙasar Nijar, yana kuma iya nufin Jihar Neja.

6.2 Furuci

Idan kogin ake nufi, masu Ingilishi kan furta kalmar kusan kamar "naija", da nauyi a gaɓar farko. Idan ƙasar ce, furuci biyu ake ji: wasu na faɗin ta kamar sunan kogin, wasu kuma na kwaikwayon Faransanci, da nauyi a gaɓar ƙarshe. An ji duka biyun a kafofin labarai na Ingilishi bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023. Dole a ja kunnen ɗalibai a kan harafin "g": kamar "j" ake furta shi. Wanda ya furta shi kamar "g" ɗin "gida", ya kuma gajarta wasalin farko, zai faɗi wata mummunar kalmar zagi da ake yi wa baƙar fata a Amurka, wadda tushenta ke komawa ga kalmar Latin da aka ambata a baya.

6.3 Ɗan Ƙasa

Ingilishi na kiran ɗan Najeriya "Nigerian", ɗan Nijar kuma "Nigerien". Wasali guda ne ya raba su a rubuce. Na biyun aro ne daga Faransanci, masu Ingilishi da yawa kuma ba su san shi ba. Lokacin da nake karatu a Ingila, sau da yawa in na cika takarda na rubuta ƙasata, sai wanda ya karɓa ya ɗauka na yi kuskure ya "gyara" mini, ya mayar da "e" ta koma "a". Wani kunshin littattafai da na aika gida sai da ya fara yawo a Ikko kafin ya iso Yamai bayan watanni.

6.4 Sauran Wuraren da Kalmar ke Fitowa

"Niger Delta" yankin kudancin Najeriya ne mai arzikin man fetur, "Inner Niger Delta" kuma fadamar nan ce ta tsakiyar Mali, wajajen Mopti. Babu ɗaya daga cikinsu da ke Jamhuriyar Nijar. A Ingilishin Najeriya in an ce "across the Niger" galibi ƙasar Ibo ake nufi, wato ƙetaren gadar Onitsha. Akwai kuma lambar girma ta Najeriya mai suna "Order of the Niger", sannan farin zanen nan mai rassa biyu da ke tsakiyar tambarin ƙasar yana nuna haɗuwar Kwara da Binuwai.

Masu ɗaurin littattafai a Ingila suna kiran wata fata mai ƙarko da suna "Niger". Fatar akuya ce daga ƙasar Hausa, irin wadda majeman Sakkwato da Kano ke jema da bagaruwa su rina da karan dafi. Akwai kuma wata ƙwaya mai mai da ake nomawa a Habasha da Indiya, ana sayar da ita a Amurka don ciyar da tsuntsaye, sunanta "niger seed". A 1998 masu wannan kasuwanci suka mayar da rubutun sunan "Nyjer" don guje wa mummunan furucin da aka yi gargaɗi a kansa a 6.2.

A fannin kimiyyar harshe, Joseph Greenberg ne ya raɗa wa babban rukunin harsunan Afirka suna "Niger-Congo". Fulatanci da Yarbanci da Nupanci suna cikinsa. Hausa ba ta ciki, domin ita ƴar rukunin Chadi ce na dangin Afro-Asiya. Zabarmanci ma, duk da cewa a bakin kogin masu shi suke zaune, ba a wannan rukuni Greenberg ya sa shi ba.

7.0 Shigowar Kalmar Cikin Hausa

Hausa ta ari kalmar ta kunne, kuma ta are ta fiye da sau ɗaya.

Neja ta fito ne daga furucin Ingilishin Ingila, wanda ba ya furta "r" a ƙarshen kalma. Irin wannan ƙarshe kan koma "-a" a Hausa, kamar yadda ake gani a lebura da manaja da kafinta. Tagwan wasalin "ai" kuma ya koma "e". Kalmar direba ta nuna sauye-sauyen biyu a wuri guda, daidai da Neja.

Nijar daga Faransanci ta fito. Sautin da ke tsakiyar kalmar ya koma "j", kamar a jandarma, kuma a karin harshen Hausar Nijar da yawa ana furta "j" kusan yadda Faransawa ke furta shi. An riƙe "r" ta ƙarshe saboda Faransanci na furta ta. Wasalin "e" kuwa ya koma "a" domin Hausa ba ta cika barin "e" a rufaffiyar gaɓa ba, kamar yadda reshe ke komawa rassa, da yadda aka sami Disamba da fansho.

Najeriya da Nijeriya duka ana rubuta su. Ta farko ta bi furucin Ingilishi, inda "ai" ya koma "a" kamar a lasisi da firamare, ita ce kuma kafofin labarai suka fi amfani da ita a yau. Ta biyu ta fi kusa da rubutun kalmar, ita aka fi gani a tsofaffin littattafai da jaridu. Daga sunan ƙasar aka yanko sunan kuɗinta, naira, da aka fara kashewa a 1973.

Ta fuskar jinsi, sunayen ƙasashe da na koguna tamata ne a Hausa: "Nijar ta sami mulkin kai", "Kwara ta cika". Amma idan aka sa kalmar kogi a gaba, jinsinta ake bi: "Kogin Kwara ya cika". A yau sunaye uku na kogin suna aiki a Hausa. Kogin Neja ya fi yawa a rubuce-rubucen Najeriya, Kogin Kwara shi ne tsohon suna kuma ana fahimtar sa a ko'ina, Kogin Isa kuma ana jin sa a Hausar Yamai saboda zama da Zabarmawa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa "Niger" suna ne da ya daɗe a littattafan Turai kafin ya sauka a bakin kogin, ya rinjayi Kwara da Joliba a Ingilishi da ƙarfin taswira da yarjejeniya da kamfani, sannan ya zama sunan ƙasashe biyu da jiha guda. An kuma ga cewa abin da Ingilishi ke rubutawa da siffa ɗaya, Hausa tana da kalma daban ga kowanne. Saboda haka duk lokacin da mai fassara ya ci karo da kalmar, sai ya tsaya ya tambayi kansa: kogi ne, ƙasa ce, ko jiha? In kogi ne, ya ce Kogin Neja ko Kwara ko Isa, gwargwadon waɗanda yake yi wa fassarar. In ƙasa ce, ya ce Nijar. In jiha ce, ya ce Jihar Neja, ya kuma ƙara "ta Najeriya" idan masu sauraronsa ƴan Nijar ne.

Wannan aiki ya ƙara nauyi a kanmu tun daga watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Takardun da za a riƙa juyawa tsakanin waɗannan harsuna uku za su bi ta hannun irinku, Hausawa kuma sun ce suna linzami ne.

Aikin Gida

1. Fassara waɗannan jimloli zuwa Hausa, tare da bayyana dalilin zaɓen kowane suna:
a. The Niger rises in Guinea.
b. The Governor of Niger State visited Niger.
c. Nigerien traders sell onions to Nigerian buyers.

2. Kawo kalmomin aro biyar daga Ingilishi waɗanda ƙarshensu ya koma "-a" kamar na Neja, ban da waɗanda aka ambata a takardar.

3. Tambayi dattawa biyu na yankinku sunan da suke kiran kogin da shi, ka rubuta abin da suka faɗa da daidaitacciyar Hausa a cikin shafi ɗaya.